Kwazazzabo Ya Ci Sha Uku

Filin ƙwallon da ke bayan Titin Bauchi ba wanda ya zauna ya gina shi. Turawan kuza ne suka jibge ƙasar da suka gama tacewa a wurin, suka kama gabansu, ruwan sama da tafin ƙafar mutane suka yi ta daddaɓe ta har ta kwanta. Shi ya sa in rana ta take sai ka ga filin yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin kwalba, kuma duk ɗan wasan da ya faɗi a kai da baƙar gwiwa yake tashi. Filin Datti ake ce masa, alhali Datti ba shi da takardar ko taku ɗaya a ciki. Shi dai layi yake ja. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana jan layin filin da toka da farar ƙasa, yana zubawa ta bakin wata tsohuwar butar shayi.

Akwai wani abu game da filin nan wanda Datti kaɗai ya sani. In ya auna shi da ƙafa daga ragar yamma zuwa ta gabas, taku ɗari da sha biyu yake samu. In ya juyo, ɗari da tara. Ya gwada da safe, ya gwada da la'asar, ya gwada da takalmi, ya cire takalmin ya gwada, haka dai. Da ƙuruciya abin yakan hana shi sukuni. Yanzu ya daina neman inda taku ukun nan suke shiga.

Abin da ya dame shi a daminar dubu biyu da shida shi ne kwazazzabo.

A bayan ragar gabas yake. Da can wata 'yar hanyar ruwa ce wadda ɗan akuya ke tsallakewa ba tare da ya ja da baya ba. Sai aka yi ta gine-gine a tudun da ke sama, kowa ya juyo bakin indararonsa ƙasa, ruwan kwanon gidaje ɗari ya haɗu ya nemi hanya. Hanyar ta yi faɗi, ta yi zurfi. Mutane suka ga rami suka fara zuba shara, shara ta toshe tsakiya, ruwa ya koma cin gefe. Gefen kuwa shi ne filin. Wani lokaci in ruwa ya ɗauke, kwazazzabon yakan tofo abubuwan da ƙasa ta haɗiye tun zamanin kuza: takalmin Bature ƙafa ɗaya, cokali mai yatsu, wani makulli mai tsawon tafin hannu da ba a san ƙofarsa ba. Datti yakan tsince su ya jera a tagar ɗakinsa, kamar tukwicin da ɓarawo ya bar masa.

Da, taku ashirin ne tsakanin raga da bakin ramin. Yanzu saura tara.

Ranar wata Talata Oga Lateef ya zo da tef ɗinsa na awo. Shi ne sakataren gasar kofin unguwanni, Bayarabe haifaffen Jos, mutum mai son doka, aljihun rigarsa kullum da biro uku. Suka fara daga ragar yamma, inda wani dutse mai girman ɗaki ke tsaye daf da bayan raga tun kafin a haifi kowa, suka yi ta ja suna sakewa har gabas.

"Yadi ɗari da ɗaya," in ji Lateef. Ya leƙa ramin, ya ja da baya da sauri. "Baba, kana ganin abin nan kuwa?"

"Kullum sai mun gaisa."

"Saura mako biyar wasan ƙarshe. Zarton Katako da Duwatsun Rukuba, kuma a nan aka sa. Amma doka ta ce yadi ɗari. In ya kasa ko da tsawon biron nan ne, sai na cire filin daga gasa. In ramin nan ya iso raga, ina za ka matsar da ita? Yamma dutse ne."

"Ciki."

"In ka matsar ciki ka kasa ɗari. Abeg, Baba, kada ka ce ban faɗa maka ba. Kuma filin da aka cire ba ya dawowa, kai ma ka sani."

Datti ya sani. Ya ga filaye biyu da aka cire, ɗaya ya zama wurin ajiye manyan motoci, ɗaya ya zama bola. Ban da haka, tun bayan rikicin da aka yi shekara biyar da suka wuce mutanen Katako da na Anguwan Rukuba sun rage taka unguwannin juna, kuma nan ne kaɗai ya san har yanzu suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna zagin alƙalin wasa guda.

Ya yi ƙoƙari irin na tsoho. Ya je wani ofis, aka nuna masa benci ya zauna tun hantsi har azahar, sannan aka ce ya dawo bayan damina. Ranar Asabar ya shiga tsakiyar fili ana hutun rabin lokaci, ya ɗaga butarsa sama, ya yi bayanin buhunan yashi da yadda ake jera su a bakin rami. Mutum wajen ɗari uku ne a wurin. Wani ya yi ihu, "Baba, ka taka layinka!" Aka kwashe da dariya, alƙali ya busa usur, Datti ya fita.

Bayan kwana uku aka yi ruwa da sassafe. Da ya ɗauke ya je ya auna, ya dawo gida ya zauna a kujera 'yar tsugunno. Matarsa Kubra tana dama koko.

"Ya sake ci," ya ce.

"Wa?"

"Kwazazzabo. Ya ci biyu. Sha uku ke nan ya ci."

"Malam, kai kullum ya ci, ya ci, sai ka ce ɗan wasa ne. To ku nawa kuka ci?" Ta miƙa masa kofi. "Karɓi ka sha kafin ya zo ya cinye wannan ma."

Datti ya riƙe kofin bai kai baki ba, har kokon ya yi fata a sama. Kubra ta dube shi, ta ga idanun nan nasa sun tafi inda suka saba tafiya, ta ci gaba da aikinta.

A gefen filin akwai allon da ake rubuta sakamakon wasa, wani falanki da aka shafa wa baƙin fenti. Datti a ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, wata shida cur, kuma harafin Z bai taɓa yarda ya fuskanci gaba a hannunsa ba. Kwazazzabo kuwa Z uku gare shi. Ya taka bulo ya rubuta da alli, duka ukun suna kallon baya:

KWAZAZZABO 13
MU 0

Wanda ya fara gani ranar Asabar shi ne Alhaji Sharafaddeen, dillalin katako kuma shugaban magoya bayan Zarto, ƙaton mutum mai yawo da hon ɗin tsohuwar mota, irin na roba, rataye a wuya.

"Baba Datti, wace ƙungiya ce wannan? Ina suke atisaye?"

"Ga su can bayan raga. Ba sa hutu."

"Sha uku da nema?"

"Sha uku da nema. A gidanmu kuma."

Mutane suka fara taruwa. Firisila ta ajiye tukunyar masararta ta kutso. Ita ke sayar da dafaffiyar masara da gyaɗa a bakin fili, kuma ita ce muryar Duwatsun Rukuba. In ta ƙwala ihu har 'yan wasa kan tsaya, su ɗauka usur aka busa.

"Su wane ne 'mu'?" ta ce. "Baba, abeg, kar ka haɗa ni da Alhaji cikin kalma ɗaya. In an ci sha uku, Katako ne aka ci. Su ne golan su yana kama iska yana barin ƙwallo."

"Ji ta!" in ji Sharafaddeen. "Madam, ku da rabonku da kofi tun kina goye a bayan uwarki?"

"Bana za ka gani. Zarton naka za mu karya, mu hura wuta da ƙotar, in dafa masara in ba ka kyauta."

Sharafaddeen ya juya ga Datti. "Baba, goge 'mu' ɗin nan. Tun da aka kafa Zarto ba a taɓa cin mu sha uku ba, ba kuma rami ne zai fara ba."

Datti ya sa hannun rigarsa ya goge, ya sake rubutawa:

KWAZAZZABO 13
KATAKO 0
RUKUBA 0

Abin ya fi na da ciwo. Kowa ya ga sunan unguwarsa da sifili a gaba, ƙarƙashin sunan rami. 

"To yaya ake ramawa?" wani ya tambaya daga baya.

"Buhu goma a bakin rami, ƙwallo ɗaya," in ji Datti. Bai shirya maganar ba, haka ta fito. "Wanda ya wuce sha uku ya ci kwazazzabo. Wanda ya fi yawa kuma ya ci ɗan'uwansa."

Sharafaddeen ya matsa hon ɗinsa sau uku. Firisila ta ce, "Shikenan, an busa."

Mutanen Katako ne suka fara zuwa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da motar a-kori-kura cike da buhuna. Suka sauka cikin ramin suka kama jeren ƙasa, daidai inda ruwa ke dukan gindin bango.

"Mu ne 'yan baya," in ji Sharafaddeen. "Mu ke tsaron gida. Rukuba su zo su hau kanmu in sun iya."

Rukuba suka zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, wasu ko kayan cocin ba su cire ba. Ba su da mota. Da shebur da baro suka zo, da kwanukan awo, suka haƙo yashi daga wani tsohon ramin kuza da ke can gangare, suna cikawa suna ɗinke baki. Buhu ɗaya sai mutum biyu sun kama, suna nishi. Mata suna ɗauko yashi a ka, Firisila tana gaba da zani ɗaure a ƙugu tana kiran sunan kowa tana tsokana. Da la'asar ta yi sun kawo buhu talatin da ɗaya, suka jera a kan na Katako. Datti ya rubuta musu uku. Suka yi ta tsalle kamar da gaske an jefa ƙwallo a raga.

Abin da tsoho ya roƙa da baki aka yi masa dariya, ga shi ana yi da ganga. Datti yakan zauna a kan bulonsa da alli a hannu yana kallo, yana jin wani abu mai kama da daɗi, amma a gajiye, irin na wanda abinci ya iso bayan yunwa ta wuce.

A Asabar ta biyu ɓangarorin biyu suka haɗu. A ranar ne Datti ya lura da wani siririn mutum daga cikin masu fasa katako, wanda in iska ta kaɗa sai ka ji tsoron kada ta tafi da shi. Mutumin ya sauko daga mota da buhu biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, ga rake a bakinsa yana tauna. Datti ya bi shi da kallo har rami. Da farko ya ɗauka ko son ƙwallo ne ke ƙara wa mutum ƙarfi haka, don ya sha ganin abubuwa a filin nan. Sai ya tashi ya je wajen motar, ya sa babban yatsan ƙafa ya danna wani buhu. Buhun ya lotsa, ya dawo a hankali. Wani ƙamshi ya taso, irin na shagon kafinta.

Ya ja Sharafaddeen bayan mota.

"Alhaji, mene ne a ciki?"

"Garin katako. Na maɗaci ne ma, ba na itacen banza ba."

"Ai yashi na ce."

"Buhu ka ce, Baba. Mutum ɗari uku shaida ne. Buhu goma, ƙwallo ɗaya." Ya dafa kafaɗar tsohon. "Kuma ka daina yi masa kallon raini. Kai ba ka san garin katako ba. Shekara nawa muna zuba shi a kasuwa? In damina ta kankama layinmu taɓo har ƙauri, mu zazzage buhu biyar, ya shanye ruwan tas, ka taka da farin takalmi ka wuce. Yashi barin ruwa yake ya bi ta cikinsa. Wannan kuwa sha yake yi. In ya jiƙe, wallahi ƙarti biyu ba sa ɗaga shi."

Ba ƙarya yake yi ba. Fuskarsa ta mutumin da ya kawo mafi kyawun abin da ya sani ce.

Datti ya san ruwan kasuwa a zaune yake, na kwazazzabo kuwa da gudu yake zuwa. Ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya hango ƙarti wajen hamsin waɗanda ba su taɓa ɗauke wa filin nan ko tsinke ba, suna miƙa wa juna buhuna suna waƙa. In ya goge musu ƙwallayensu a gaban Firisila, motarsu za su hau su tafi, ba kuma za su dawo ba. Gwiwoyinsa suna ciwo. Rana ta dake shi. Kuma wa ya sani, watakila yana sha ɗin. Ya hango buhunan a ransa suna ta shan ruwan damina suna kumbura kamar shanu a bakin rafi, har ramin ya bushe.

"To, Allah ya sa," ya ce.

Ya koma ya taka bulo. A ƙarshen ranar allo ya nuna Katako sha bakwai, kwazazzabo sha uku, Rukuba shida. Hon ɗin Sharafaddeen bai yi shiru ba har motarsu ta hau titi. Firisila ta tsaya hannu a ƙugu tana kallon allon, ta ce, "Mutanen nan aljanu suke ci ne?" Datti ya sunkuya yana kaɗe alli daga hannunsa.

Ranar Alhamis bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, mai saurin tafiya. Datti yana fili yana gyara layin kwana. Bai samu komawa gida ba, sai ya raɓe ƙarƙashin leɓen dutsen nan na yamma, inda ake hango komai.

Aka yi kamar rabin sa'a ana zuba kafin ruwan tudu ya iso. Ya zo ja wur, da robobi da ledoji a kansa, ya daki jeren buhuna. Jeren ya tsaya. Datti ya ji sanyi a ransa. Ya fito cikin ruwan ya ɗingisa har tsakiyar fili don ya gani da kyau.

Sai buhu ɗaya ya sulluɓo daga ƙasa kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Ya juya sau ɗaya a kan ruwa, ya kama hanya a natse. Wani ya bi shi. Wani ya bi wannan. Kafin a jima sun yi layi, farare, suna kaɗa kai, kamar raguna za su kasuwa. Na yashin da ke sama suka rasa abin zama, suka rufta, suka fashe, yashin da mata suka ɗauko a ka ya narke cikin ruwa. Daga nan ƙasar filin ta fara ɓantarewa, faifai-faifai, ba ko ƙara. Turken raga na dama ya karkata kamar mai leƙen rijiya, ya daɗe a haka, sannan ya tafi. Sandar sama ta rataye a jikin ɗayan turken, ragar tana lilo a cikin rami.

Duk filin ya cika da ƙamshin maɗaci. Datti ya tsaya yana shaƙa, ruwa na bin gemunsa. Bai taɓa jin filin ya yi ƙamshi haka ba.

Oga Lateef ya zo ranar Asabar da tef ɗinsa. Labari ya riga ya zaga, mutane sun taru a bakin ramin suna leƙe. Can ƙasa fatun buhuna sun maƙale a jikin saiwoyi, jan gari ya kwanta a gefe kamar an zubar da yaji.

Aka auna sau biyu, don Datti ya roƙa a sake.

"Tis'in da huɗu," in ji Lateef. "In ka bar wa gola wurin da zai faɗi bai faɗa rami ba, tis'in da huɗu." Ya ciro biro ɗaya, ya mayar, ya ciro wani. "Sori, Baba. Ba ni ba ne, doka ce. Za a kai wasan filin wata makaranta a cikin gari."

Firisila ta riga ta sauka ramin ta ɗebo jan garin a tafin hannu. Ta hauro ta nufi Sharafaddeen, ta buɗe hannun a gaban hancinsa.

"Alhaji, wannan ne sha bakwai naka? Mu muna karya wuya da yashi, kai kana kawo mana katifa? Mama Cordelia har yau bai iya juya kai ba! Ka sa mun ɗora wahalar mu a kan dusa!"

"A kasuwa yana aiki," in ji Sharafaddeen. Muryarsa ta yi ƙasa, ba a saba jin ta haka ba.

"Nan kasuwa ne? Ka ga rumfa a nan?"

"A kasuwa yana aiki," ya sake cewa, yana kallon ramin.

Samarin Rukuba suka fara matsowa bayan Firisila, na Katako suka fara matsowa bayan Alhajinsu. Wani ya ce maguɗi ne. Wani ya ce a maimaita wannan magana in an isa. Datti ya san irin shirun da ke biyo bayan wannan, ya taɓa jin sa a garin nan, ba ya kuma son ya sake ji. Ya shiga tsakaninsu da butarsa a hannu.

"Na sani," ya ce. "Tun Asabar waccan na sani. Na taɓa buhun da ƙafata, na ji ƙamshin. Na je na rubuta sha bakwai."

Firisila ta juyo.

"Baba, ka sani?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

Datti ya dubi butar da ke hannunsa.

"Na gaji ne, 'yata. Kuma ana waƙa."

Ba wanda ya san abin da zai yi da wannan magana. Ba a dukan tsoho, ba a kuma zagin sa a gaban jama'a. Firisila ta kaɗe hannunta a zani. Sharafaddeen ya cire hon ɗin daga wuyansa ya riƙe a hannu kamar bai san na wane ne ba. A hankali mutane suka watse, kowa ya bi hanyar unguwarsa, Lateef ya naɗe tef ɗinsa ya hau babur.

An buga wasan ƙarshe a can filin makarantar. Datti bai je ba. Kubra ce ta ji sakamakon a bakin famfo ta zo ta faɗa masa, ya ce to, da ta fita kuma ya manta wanda ta ce ya ci.

Ranar Litinin da hantsi motar a-kori-kura ta tsaya a bakin fili. Direba ya sauke turke guda na maɗaci, sabon fashi, an goge shi sumul, da sandar sama. Ya ce Alhaji ne ya ce a kawo. Alhaji da kansa bai zo ba, bai kuma aiko da wata magana ba.

Datti ya je gida ya ɗauko diga. Ya auna taku takwas daga bakin ramin zuwa ciki, ya yi alama da diddige, ya fara haƙa. Ƙasar kuza ba ta da wuyar haƙa, amma bayan kowane sara biyar sai ya tsaya ya dafa ƙugu. Ya san ba wata gasa da za ta sake zuwa nan. Ya dai san in ba raga a fili, kafin wata ya ƙare wani zai zo ya ajiye tirela.

Yana cikin haka ya ji motsi a cikin ramin. Firisila ce ke haurowa da damin fatun buhuna a ka, waɗanda ba su yage ba ta tsinto za ta wanke. Ta tsaya tana kallonsa. Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai ɗago ba. Ya gama ramin, ya ja turken da ƙyar, ya tayar da shi, turken ya rinjaye shi ya faɗi. Ya sake tayarwa, ya sake faɗi.

Ta yi tsaki ta sauke daminta.

"Matsa, Baba. Za ka kashe kanka a kan itacen Alhaji."

Ta rungumi turken ta tsayar da shi cikin ramin. Datti ya durƙusa yana tura ƙasa da hannu, yana dannawa da ƙotar diga. Da ya gama ya miƙe a hankali, ya ja da baya 'yan taku, ya rufe ido ɗaya yana dubawa.

"Ya miƙe?" ta tambaya. "Hannu na ya gaji."

Turken ya ɗan karkata hagu. Datti ya dubi digar a ƙasa, ya dubi rana.

"Bai miƙe ba," ya ce. "Amma saki, a bar shi haka nan."